YAWAN MATA DA ƘARANCIN MAZA: DARASI DAGA MADINA BAYAN YAƘIN UHUDU

Yabo da godiya su tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halicci 'yan Adam maza da mata, Ya sanya aure ya zama sutura da natsuwa a tsakaninsu. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, darasin wannan mako ya shafi wata magana ce wadda ta cika bakin jama'a a majalisu da wuraren ɗaurin aure, har ma da kan mumbari, watau cewa wai mata sun fi maza yawa nesa ba kusa ba. Wani ya ce rabon kowane namiji mata huɗu ne, wani ya ce bakwai, wani ma ya kai su goma. Da a ce maganar ta tsaya a wajen hira kawai, da ba a damu da ita ba. Amma ta shiga gidaje tana ɓarna. Da ita magidanci yake yi wa matarsa gadara, ya ce in ta fita yau, kafin ta gama idda ya maye gurbinta. Da ita uba yake tsorata 'yarsa har ta karɓi mijin da ba ta so, don gudun kada ta rasa. Da ita kuma bazawara take yarda da auren da ba ci ba sha ba sutura, tana cewa da babu gara ba daɗi. Saboda haka ya wajaba a ɗora wannan magana a kan ma'auni, a ga abin da ƙidaya ta ce, da abin da yakan sami mutane idan adadin ya karkata da gaske, sa'an nan a ga yadda Musulunci ya warware matsalar sa'ad da ta auka wa mutanen Madina.

ABIN DA ƘIDAYA TA NUNA

Masu ilmin ƙidayar jama'a sun daɗe da gano cewa a kusan ko'ina a duniya, idan aka haifi 'ya'ya mata 100, akan haifi maza wajen 105. A ƙasashen baƙar fata na Afirka adadin yakan ɗan sauko ya tsaya wajen 103 ko 104. Watau tun daga ɗakin haihuwa maza ne ke da ɗan rinjaye. Sai dai mutuwa ta fi saurin ɗaukar namiji. Jariri ya fi jaririya rauni a gaban cututtukan ƙuruciya, saurayi ya fi budurwa faɗawa haɗarin hanya da faɗa da yaƙi, tsoho kuma yakan riga tsohuwa. Ta haka rinjayen yake narkewa a hankali, a shekarun aure adadin ya kusa daidaita, a kwanakin tsufa kuwa mata su wuce gaba.

Jama'ar duniya ta cika miliyan dubu takwas cikin watan Nuwamba na 2022, lissafin Majalisar Ɗinkin Duniya na lokacin kuma ya nuna maza sun ɗara mata da ɗan kaɗan, wajen 101 ga kowace mata 100. A ƙidayar Nijeriya ta 2006 an sami mutum miliyan 140 da 'yan kai, maza miliyan 71 da ɗoriya, mata miliyan 69 da ɗoriya, Jihar Kano ma tana cikin waɗanda maza suka fi yawa a cikinsu. Ko a ƙasashen da mata suka fi rinjaye, irin su Rasha da Latbiya, maza sun haura 80 ga kowace mata 100. Inda aka sami rinjaye mai ban mamaki ma, na maza ne, kamar ƙasar Katar, inda baƙin ma'aikata suka sa maza suka haura biyu ga mace ɗaya. Zancen mata huɗu ko goma ga namiji ɗaya dai ba shi da tushe a ƙidayar kowace ƙasa ta wannan zamani.

Duk da haka akwai abin lura. Saurayi ba ya neman aure a cikin lissafin duniya. A unguwarsu yake nema, ko garinsu, cikin waɗanda shekarunsu da addininsu da matsayinsu suka dace da nasa. Ana iya samun ƙasar da maza da mata suka yi daidai wa daida, alhali kuwa a cikinta akwai ƙauyen da yaƙi ko ci-rani ya kwashe mazansa, da kuma barikin soja ko garin haƙar ma'adinai inda mace ta zama abin nema ruwa a jallo. Wannan adadi na kusa, na waɗanda suka isa aure a wuri guda, shi ne yake juya halayen mutane.

IDAN MA'AUNI YA KARKATA

Cikin 1983 waɗansu malaman jami'a biyu na Amurka, Marcia Guttentag da Paul Secord, suka bayyana wata ƙa'ida wadda masu bincike suka ci gaba da jarraba ta har yau. Taƙaitaccen bayaninta shi ne, duk jinsin da ya yi ƙaranci a wuri, shi ne yake da zaɓi, jinsin da ya yi yawa kuwa shi ne yake rarrashi. Idan mata suka yi ƙaranci, maza sukan yi gasar nemansu, su riƙe aure da hannu biyu, dukiyar aure ta hau. Idan kuwa maza ne suka yi ƙaranci, namiji yakan yi jinkirin ɗaukar nauyi, saki ya yi masa sauƙi, zaman banza ya ƙaru.

Yaƙe-yaƙen Turai sun ba da shaida a kan haka. Faransa ta rasa sojoji wajen miliyan ɗaya da dubu ɗari huɗu a Yaƙin Duniya na Farko, daga 1914 zuwa 1918. Da masu bincike suka bi rajistar aure ta lardunan ƙasar, sai suka tarar inda aka fi kashe maza, waɗanda suka tsira sun riƙa auren 'yan gidajen da suka fi nasu matsayi, mata da yawa sun rasa miji, haihuwa ba aure kuma ta ƙaru. Abin ya fi muni a Tarayyar Sobiyet. Shekara 14 bayan ƙare Yaƙin Duniya na Biyu, ƙidayar 1959 ta nuna mata sun fi maza da sama da miliyan 20. Gwamnatin ƙasar, wadda ba ta yarda da addini ba, ta riga ta kafa doka cikin 1944 wadda ta hana macen da ta haihu ba aure ta kai ƙarar uban ɗan, har ma akan bar gurbin sunansa babu kome a takardar haihuwa. Watau an sauke wa namiji nauyi ke nan, an bar mace da goyo, miliyoyin yara kuma suka tashi babu sunan uba.

Ba sai an yi yaƙi ba ma ake ganin wannan hali. Cikin 2015 Ryan Schacht da Monique Borgerhoff Mulder suka buga sakamakon binciken da suka yi a ƙauyuka takwas na ƙabilar Makushi a ƙasar Giyana ta Kudancin Amurka, inda tafiya neman aiki ta sa waɗansu ƙauyuka suka cika da maza, waɗansu da mata. Mutanen nan harshensu ɗaya, al'adarsu ɗaya. Amma a ƙauyen da mata suka yi yawa, maza sun fi karkata ga tarayyar da ba alkawari a cikinta, a ƙauyen da mata suka yi ƙaranci kuwa sun fi son tsayawa ga mace guda. Ra'ayin matan bai sauya ba daga ƙauye zuwa ƙauye. Wannan ya nuna cewa zuciyar namiji tana lura da yawan zaɓin da ke gabanta ko da mai ita bai sani ba.

Ɗaya fuskar kuma, watau ƙarancin mata, ƙasar Sin ce babban misalinta. Dokar haihuwar ɗa guda, wadda ta yi aiki daga wajen 1980 har zuwa 2015, ta haɗu da tsohuwar al'adar fifita ɗa namiji, ga kuma na'urar duba ciki wadda ke nuna jinsin jariri. Sai aka dinga zubar da cikin 'ya'ya mata, har a 2004 aka haifi maza wajen 121 ga kowace mata 100. Ƙidayar 2020 ta nuna maza sun fi mata da kusan miliyan 35. Sakamakon haka dukiyar aure ta yi tsada ƙwarai, iyayen 'ya'ya maza suka shiga tara kuɗi da sayen gidaje don 'ya'yansu su sami shiga, talakan ƙauye ya tsufa yana tuzuru, miyagu kuma suka buɗe fataucin 'yan mata daga ƙasashen maƙwabta. A Indiya ma, duk da dokar 1994 wadda ta hana gaya wa iyaye jinsin abin da ke ciki, ƙidayar 2011 ta sami yara mata 834 kacal ga kowane yara maza 1,000 a Jihar Haryana. Mai karatu zai ga cewa wannan ita ce tsohuwar ɗabi'ar Jahiliyya ta binne 'ya mace da rai, wadda Suratun Nahli, aya ta 58 da ta 59, ta la'anci masu yin ta, Suratut Takwiri kuma, aya ta 8 da ta 9, ta ba da labarin cewa za a tambayi wadda aka binne laifin da ta yi. Kayan aikin ne kawai suka sauya.

MADINA BAYAN UHUDU

Al'ummar Musulmi ta farko ta ɗanɗana jarrabawar ƙarancin maza tun tana jaririya. A watan Shawwal na shekara ta 3 bayan Hijira, daidai da 625 Miladiyya, Manzon Allah (S.A.W.) ya fita zuwa Uhudu da mutum 1,000. Abdullahi ɗan Ubayyu ya juya da 300 a kan hanya, sauran 700 suka shiga fagen daga, 70 daga cikinsu suka yi shahada, watau ɗaya cikin kowane goma, a yini guda. Mafi yawansu Ansaru ne, da yawa kuma magidanta ne masu iyali a cikin Madina. Bayan wata huɗu, cikin Safar na shekara ta 4, aka yi wa waɗansu mahaddata Alƙur'ani kisan gilla a Rijiyar Ma'una, su ma 70 kamar yadda Buhari ya ruwaito. Ga ƙaramar al'umma irin ta wancan lokaci, wannan giɓi ne babba. Gidaje suka cika da mata masu takaba da marayu.

Alamun da masu bincike suke lissafawa a yau sun fara bayyana nan da nan. Tirmizi da Abu Dawuda sun ruwaito cewa matar Sa'adu ɗan Rabi'u (R.A.), wanda ya yi shahada a Uhudu, ta zo wa Manzon Allah (S.A.W.) da 'ya'yanta biyu mata, tana kukan cewa baffansu ya kwashe dukiyar mahaifinsu kaf, ga shi kuwa ba mai auren su in ba su da dukiya. A dubi wannan kuka da kyau. Yarinya ta zama sai da abin hannu za a dube ta, ga kuma mai ƙarfi ya danne haƙƙin mai rauni. A kan haka ayoyin gado na Suratun Nisa'i suka sauka, aka umarci baffan ya ba 'yan matan kashi biyu cikin uku, ya ba uwarsu ɗaya cikin takwas, ya riƙe abin da ya saura. Abin da shari'a ta fara yi wa macen da ta rasa mai tsaya mata ke nan: ta mallaka mata dukiyar kanta.

Ayar nan ta 3 ta wannan sura, wadda ta halatta auren mata biyu ko uku ko huɗu, da zancen marayu ta fara, ko da yake mutane da yawa sun fi riƙe tsakiyarta su bar farkonta da ƙarshenta. Urwatu ɗan Zubairu ya tambayi Nana A'ishatu (R.A.) ma'anarta, ta bayyana masa cewa ana nufin marainiyar da ke hannun waliyyinta, kyanta da dukiyarta su ba shi sha'awa, ya so ya aure ta ba tare da ya ba ta sadaki irin wanda wani zai ba ta ba. Sai aka hana su haka, sai fa in za su cika musu sadaki, aka ce su nemi waɗansu matan. Ta kuma haɗa wannan da aya ta 127, ta ce idan marainiyar ba ta da kyau ba ta da dukiya sukan guje ta, saboda haka ba su da ikon su ɗauke ta a arha sa'ad da suke kwaɗayinta. Ƙarshen ayar ta 3 kuwa ya mai da wanda ke tsoron ba zai yi adalci ba zuwa ga mace ɗaya. Haka nan ayar iyaka ta sa wa Larabawa, domin Gailanu ɗan Salama na ƙabilar Saƙifu ya musulunta da mata goma, aka umarce shi ya zaɓi huɗu ya rabu da sauran. Aya ta 19 kuma ta hana dangin mamaci su gaje matarsa kamar kaya, abin da suka saba yi a Jahiliyya.

Sa'an nan sai aikin Manzon Allah (S.A.W.) da sahabbansa ya fassara ayoyin. Da Hafsatu ta rasa mijinta Hunaisu ɗan Huzafa, mahaifinta Umaru ɗan Haɗɗabi (R.A.) bai ji kunyar nema mata miji ba. Ya yi wa Usmanu tayi, ya yi wa Abubakar tayi, daga baya Annabi (S.A.W.) ya aure ta cikin shekara ta 3. Abu Salama (R.A.) ya rasu cikin shekara ta 4 saboda raunin da ya samu a Uhudu, ya bar Ummu Salama da yara. Da Annabi (S.A.W.) ya aika neman ta, ta kawo uzurin shekaru da kishi da 'ya'ya, bai fasa ba, ya ɗauke ta da 'ya'yanta duka. In aka ɗebe Nana A'ishatu, dukan matansa sun taɓa yin aure kafin shi. Hamnatu 'yar Jahshi, matar Mus'abu ɗan Umairu, ta auri Ɗalhatu ɗan Ubaidullahi. Asma'u 'yar Umaisu, bayan shahadar Ja'afaru a Mu'uta cikin shekara ta 8, ta auri Abubakar, bayan rasuwarsa kuma ta auri Aliyu (R.A.). Manyan gari ne suke rigegeniya ga matan shahidai, ba a bar su ga wanda ya rasa yadda zai yi ba.

Labarin Jabiru ɗan Abdullahi (R.A.) ya isa abin koyi ga samari. Mahaifinsa ya yi shahada a Uhudu ya bar masa ƙanne mata, bakwai a wata ruwaya, tara a wata. Jabiru saurayi ne, a garin da 'yan mata ba su yi wuya ba, amma ya auri bazawara. Da Annabi (S.A.W.) ya tambaye shi abin da ya hana shi auren budurwa, sai ya ce bai so ya kawo wa ƙannensa yarinya irinsu ba, ya fi son wadda za ta kula da su ta yi musu kitso. Annabi (S.A.W.) ya sa masa albarka. Ga mutum yana da zaɓi a hannunsa, ya yi amfani da shi wajen ɗaukar nauyin marayu.

Yawan zawarawa kuma bai zubar da 'yancin ko ɗaya daga cikinsu ba. Buhari ya ruwaito cewa mahaifin Hansa'u 'yar Hizamu ya aurar da ita tana bazawara ba da sonta ba, ta kai ƙara, Annabi (S.A.W.) ya warware auren. Ba a ce mata ta yi haƙuri tun da maza sun yi wuya ba.

SHINGEN DA SHARI'A TA YI WA GASA

Wanda ya duba babin aure a littattafan fiƙihu zai ga shari'a ta yi wa kowane ɓangare shinge. Domin lokacin da maza ke gasar mace, an hana mutum ya nemi aure a kan neman ɗan'uwansa har sai ya bari ko ya yi masa izini. An hana auren musanya, watau mutum ya ba wani 'yarsa don shi ma ya ba shi tasa ba tare da sadaki ba, abin da yakan yawaita inda mata suka yi wuya. An hana waliyyi ya tsare mace ga barin mijin da ta yarda da shi, kamar yadda aya ta 232 ta Suratul Baƙara ta sauka a kan Ma'aƙilu ɗan Yasaru da 'yar'uwarsa. An kuma ƙi tsananta sadaki. A mazhabar Imamu Maliki mafi ƙarancinsa rubu'in dinari ne ko dirhami uku, Muslimu kuma ya ruwaito daga Nana A'ishatu cewa sadakin da Annabi (S.A.W.) yake ba matansa dirhami 500 ne.

Domin lokacin da mata ke gasar miji kuwa, an hana mace ta nemi a saki 'yar'uwarta don ta gaje gurbinta. An wajabta wa mai mata fiye da ɗaya rabon kwana da ciyarwa da tufatarwa, an gargaɗi wanda ya karkata ga ɗaya cewa zai tashi ranar Ƙiyama ɓarin jikinsa a karkace, aya ta 129 ta Suratun Nisa'i kuma ta hana a bar mace a rataye, ita ba mai aure ba, ita ba sakakkiya ba. Duk waɗannan hukunce-hukunce manufarsu ɗaya ce, kada yawa ko ƙaranci ya zama shi ne ke yanka wa ɗan Adam farashi.

Akan kafa hujja da hadisin Anas ɗan Maliki (R.A.), wanda Buhari da Muslimu suka ruwaito, mai ba da labarin zamanin da maza za su ƙaranta, mata su yawaita, har mata 50 su kasance a ƙarƙashin kulawar namiji guda. Hadisin ingantacce ne. Amma ya kamata a lura da abokan tafiyar wannan alama a cikinsa, watau ɗauke ilmi, da bayyanar jahilci, da yawaitar zina da shan giya. Musiba ce ake ba da labarinta, cikin alamomin tashin Ƙiyama. Ibnu Hajar, a sharhinsa na Buhari, ya kawo maganar waɗanda suka ce yawan fitinu da kashe-kashe ne zai jawo haka, shi kuwa ya fi karkata ga cewa Allah ne zai ƙaddara ƙarancin haihuwar maza a ƙarshen zamani. Ko wanne aka ɗauka, ƙidaya ta nuna ba a kai wannan hali ba, kuma ba ya halatta a jingina wa hadisi lissafin da mutum ya ƙaga da kansa.

TO, INA YAWAN ZAWARAWA YA SAMO ASALI?

Mai karatu zai iya cewa gani ya kori ji, ga gidaje nan cike da zawarawa da 'yan matan da suka isa aure a ƙasar Hausa. Gaskiya ne, ruwa kuwa ba ya tsami banza. Dalili na farko tazarar shekaru ce. Binciken lafiya da yawan jama'a da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar a Nijeriya cikin 2018 ya nuna matsakaicin shekarun auren fari 19 ne ga mata, kusan 28 ga maza. A al'ummar da haihuwa ke ƙaruwa kowace shekara, ƙanne kullum sun fi yayye yawa. Alal misali, a ɗauki garin da haihuwa ke ƙaruwa da kashi 3 cikin 100 a shekara. Idan an haifi maza 100 da mata 100 a bana, bayan shekara goma za a haifi mata wajen 134. Ranar da waɗancan maza 100 suka kai shekara 28 suka tashi neman 'yan shekara 18, mata 134 za su tarar a gabansu, alhali a kowace shekara an haifi maza da mata daidai. Wannan rarar ce take ba da damar auren mace fiye da ɗaya, wanda binciken nan ya ce kashi 31 cikin 100 na matan aure a Nijeriya suna cikinsa. Tazarar nan kuma ita take sa mace ta daɗe a duniya bayan mijinta.

Na biyu, ci-rani da tashin hankali. Ƙauyuka da yawa na ƙasar Adar da Damagaram da Arewacin Nijeriya sukan wayi gari bayan kaka mazansu sun tafi Legas ko Abijan ko Libiya, waɗansu su shekara ba su waiwayo ba. Rikicin da ya ɓarke a Borno cikin 2009, da hare-haren 'yan bindiga a Zamfara da Katsina da Sakkwato, sun bar dubban mata cikin takaba. A irin waɗannan wurare ƙarancin maza gaskiya ne, halinsu kuwa shi ya fi kama da na Madina bayan Uhudu.

Na uku, wanda ya fi sauran ciwo tun da yake aikin hannun mutane ne, shi ne auri-saki. Mutum ɗaya wanda ya auri mata takwas a rayuwarsa ya saki shida, ya ƙara wa gari zawarawa shida, sa'an nan ya zauna a majalisa yana cewa mata sun yi yawa. A gefe guda kuma ga samari talakawa, waɗanda tsadar lefe da kuɗin gaisuwa da hayar ɗaki suka hana su aure har su haura shekara 30. A wurinsu mata ƙaranci suka yi. Ashe a gari ɗaya akwai macen da ta rasa miji da namijin da ya rasa mata, abin da ya raba su kuwa talauci ne da al'adun da Allah bai ɗora wa kowa ba.

ABIN DA YA WAJABA

Aya ta 32 ta Suratun Nuri ta ɗora wa al'umma ne gaba ɗaya nauyin aurar da marasa aure, maza da mata, ta kuma yi alkawarin wadata ga matalautansu. Saboda haka kowa yana da nasa kaso. Magidanci ya sani cewa sauƙin samun wata ba ya rage ko ƙwayar zarra daga haƙƙin wadda ke ɗakinsa. Mai niyyar ƙara aure ya fara auna aljihunsa da adalcinsa, kana ya tambayi kansa ko ya taɓa duban matar maƙwabcinsa da ya rasu ya bar marayu, kamar yadda sahabbai suka yi. Waliyyi ya yi koyi da Umaru wajen nema wa 'yarsa mutumin kirki ba tare da jin kunya ba, ya kuma tuna da Hansa'u kada tsoro ya sa ya tilasta mata. Iyaye mata su sassauta lefe da gara da kayan ɗaki, domin kowane akwati da aka ƙara, wata ne ko shekara aka ƙara wa saurayi da budurwa na jira. Saurayin da bai sami hali ba ya kame kansa kamar yadda aya ta 33 ta umarta, ya riƙi azumi wanda Annabi (S.A.W.) ya yi wa matasa wasiyya da shi.

Hukuma da masu hali su ma suna da nasu. Auren zawarawa da Hukumar Hisba ta Jihar Kano ta fara cikin 2012, wanda aka sake yi wa ma'aurata 1,800 a watan Oktoba na 2023, aiki ne na alheri. Amma in ba a toshe ƙofar sakin wulaƙanci ba, ba a kuma tilasta wa uba ciyar da 'ya'yansa bayan rabuwa ba, zai zama kamar zuba ruwa a rariya. Har wa yau ba kowace mai takaba ce take bukatar miji ba. Wata gadonta take bukata a ƙwato mata, wata jari, wata kuɗin makarantar yara. Annabi (S.A.W.) ya kwatanta mai ɗawainiya da matar da mijinta ya rasu da kuma miskini da mai jihadi saboda Allah, bai kuwa sa aure ya zama sharaɗin samun wannan lada ba. Malamai masu wa'azi kuma su ji tsoron Allah a kan lissafin da suke faɗa a kan mumbari, domin abin da malami ya faɗa da raha, jahili yakan koma gida ya yanke hukunci da shi.

Allah Ya jiƙan shahidan Uhudu da na Rijiyar Ma'una. Ya ba marasa aure abokan zama na gari, Ya sanya soyayya da tausayi a gidajen Musulmi, Ya tsare marayu da iyayensu mata daga zaluncin masu ƙarfi. Allah Shi ne Mafi sani. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi.